Daga robot zuwa pistol: kalmomin da Turanci ya aro a wajen su Rasha da Cek da Sabiya

Turanci harshe ne da ya rayu da aro, wannan kowa ya sani, ya kwasa daga Faransanci ya kwasa daga Latin da Girkanci, har Larabci bai bari ba, su sugar da cotton da algebra duk ta can suka biyo. Amma akwai wani gungun harsuna da ba kasafai ake tunawa da su ba in ana wannan maganar, wato harsunan mutanen gabashin Turai da ake kira Slav, bari mu ce musu Silabawa don sauƙin faɗa. Su ne Rashawa da 'yan Yukiren da Belarus a gabas, sai Polan da Cek da Sulobakiya ta yamma, sai kuma na kudu, Sabiya, Kuroshiya, Bosniya, Sulobeniya, Bulgeriya da Masedoniya. In ka haɗa su duka masu magana da harsunan nan sun kai wajen mutum miliyan 300, kuma harsunan 'yan uwan juna ne na kusa sosai, ruwa a Rashanci voda ne, a Cek ma voda, a Sabiya voda, a Polan woda. Hungari da Romaniya da Albaniya duk da suna zaune a tsakiyarsu ba sa cikin dangin, mutane da yawa suna haɗa su amma harsunansu daban ne.

Kalmomin da Turanci ya aro a wajensu ba su da yawa in ka gwada da na Faransanci, ko kusa ma. Abinda yasa na ga ya kamata a zauna a duba su shine irin kalmomin da aka zaɓa, domin in ka jera su zaka ga kaso mai tsoka na bauta ne da yaƙi da tsoro da danniyar mulki, kuma da yawa cikinsu ba kai tsaye suka shiga ba, sai da suka bi ta hannun Jamusawa ko Faransawa ko Yahudawan gabashin Turai, a hanya kuma ma'anar wasu ta sauya har masu harshen ba za su gane abinsu ba.

Mu fara da mafi nauyi a cikinsu, kalmar slave, wato bawa. Mafi yawan masana asalin kalmomi sun tafi akan cewa daga sunan Silabawa ɗin kansu ta fito. A wajajen ƙarni na 9 da na 10 ana kama su da yawa a yaƙe-yaƙen gabashin Turai ana saida su, wasu a kai su Rum ta gabas wato Bizantiya, wasu a bi da su ta Benis da ke Italiya, wasu a ratsa ƙasar Faransa da su har Andalus. Birnin Prag na ƙasar Cek a lokacin babbar kasuwar bayi ce, wani matafiyi daga Andalus mai suna Ibrahim bin Yaƙub da ya je can wajajen shekarar 965 ya ambaci bayi cikin hajar da fatake ke fita da ita daga garin. Yawan kamun ya kai har sunan ƙabilar ya zama sunan bawa, Girkawa suka ce sklabos, Latin na lokacin ya ce sclavus, Faransanci ya maida shi esclave, Turanci kuma ya karɓa wajajen shekarar 1300. Duk wanda ya karanta tarihin Andalus ya ci karo da Saƙaliba, to su ne, Halifa Abdurrahman na uku da ya yi mulki a Ƙurɗuba daga 912 zuwa 961 ya tara dubbansu a fada da rundunar soja, bayan daular ta wargaje har wasu cikinsu suka zama sarakuna a garuruwan bakin teku irin su Deniya da Almeriya. Ko gaisuwar nan ta Italiyawa, ciao, da yanzu duniya ke amfani da ita, daga yaren Benis take, asalinta cewa ake ni bawanka ne, kuma tushenta wannan kalmar ce dai.

Abin yana taɓa ni sosai in na tuna abinda su suke nufi da sunan nasu. Bayanin da ya fi yaɗuwa shine sunan yana da alaƙa da slovo, wato kalma ko magana, ma'ana mutanen da ke magana a fahimce su. Maƙwabtansu Jamusawa da ba sa jin harshen sai suka sa musu nemets, wato bebaye, har yau haka ake kiran Bajamushe a Rashanci da Cek da Polanci da ɗan bambancin furuci. Wanda ya san yadda Larabawa suka kira waɗanda ba sa jin Larabci da ajam, inda muka samu ajami, zai gane tunanin nan take. Kuma wannan nemets ɗin ita ce Turkawa suka ɗauka, daga wajensu Larabci ya samu Annamsa, sunan ƙasar Austriya. Mutanen da suka kira kansu masu magana sai ga shi sunansu ya zama sunan wanda ba shi da bakin magana akan rayuwarsa.

Ta biyun da kowa ya sani ita ce robot, kuma ita ma ba ta yi nisa da bauta ba. A harshen Cek akwai robota, kwanakin da talaka manomi zai yi yana aiki a gonar mai ƙasa kyauta kuma dole, ko yana so ko baya so, ko da tasa gonar tana jiran noma. Ba a soke wannan tsarin a daular Austriya ba, wadda ƙasar Cek ke ƙarƙashinta a lokacin, sai a 1848. A Rashanci rabota aiki ne kawai, rab kuma bawa, duk tushe ɗaya. To a 1920 marubucin Cek, Karel Čapek, ya wallafa wasan kwaikwayonsa R.U.R., aka fara nuna shi a farkon 1921, labarin wata masana'anta da ke ƙera ma'aikata masu kama da mutane don su yi wa mutane aiki, daga baya suka yi tawaye suka gama da mutanen. Shi da kansa ya bada labarin yadda sunan ya samu, ya ce ya je wajen yayansa Josef wanda mai zane ne, ya same shi tsaye gaban allon zane da burushi a baki, ya ce masa yana da labari amma ya rasa sunan da zai ba ma'aikatan, ya yi tunanin labori daga Latin amma bai kwanta masa ba, shi kuma Josef ko cire burushin bai yi ba ya ce masa ya kira su roboti, ya ci gaba da zanensa. Shi kenan. An nuna wasan a New York a 1922, a Landan a 1923, kalmar ta zauna a Turanci tun daga nan. Abin lura, na cikin wasan ba ƙarfe bane, da wani abu mai kama da nama da jini aka haɗa su, sun fi kama da mutum sak, daga baya ne kalmar ta koma kan na'ura, wadda mu kan ce mutum-mutumi. Josef ɗin 'yan Nazi sun kama shi a 1939, ya mutu a sansanin Bergen-Belsen a 1945. Yanzu da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira da tsoron na'ura zata ƙwace aikin mutane, wannan tsoron yana cikin kalmar tun ranar farko, domin wasan akan haƙƙin ma'aikaci ne da wanda ake sawa aiki ba a ɗauke shi mutum ba.

Har yanzu muna ƙasar Cek amma mu koma baya shekara ɗari biyar. A 1415 aka ƙona malamin Kirista Jan Hus da wuta a garin Konstanz saboda sukar da yake wa shugabannin cocin Katolika, mabiyansa suka tada kayar baya, aka yi ta yaƙi daga 1419 zuwa 1434. Mafi yawansu manoma ne da mutanen gari, ba su da dawakin yaƙi da sulke irin na sojojin da Paparoma da Sarkin daular Jamus ke turowa, sai kwamandansu Jan Žižka, mai ido ɗaya wanda daga baya ma ya makance gaba ɗaya yana ci gaba da jan yaƙi, ya fito da dabara. A jera kekunan ɗaukar kaya a yi da'ira a ɗaure su da sarƙa, mayaƙa su shige ciki, mahaya in sun taso a guje su tarar da katangar katako, ta tsakanin kekunan kuma ana sakar musu wuta. Ƙaramar bindigar hannun da suke riƙewa suna ce mata píšťala, wato usur ko sarewa, saboda bututu ne siriri, ita ce Jamusawa suka ɗauka, Faransawa suka maida ta pistole, Turanci ya ce pistol. Akwai masu cewa daga sunan garin Pistoia na Italiya take inda ake ƙera wuƙaƙe, amma bayanin Cek ɗin ya fi samun karɓuwa. Babbar kuma da suke harbawa cikin taron abokan gaba sunanta houfnice, daga houf wato gungun mutane, ta bi ta Jamusanci da Holanci ta zama howitzer, igwar nan da kuke ji ana ambata kullum a labaran yaƙin Yukiren. Kaga kalmar ta zagaya duniya ta dawo kusa da gida.

Wata ma daga filin yaƙi ta fito amma ta ƙare a wuyan ma'aikatan ofis. A yaƙin shekara talatin na Turai, 1618 zuwa 1648, sarkin Faransa ya ɗauki sojojin haya 'yan Kuroshiya, su kuma suna ɗaura wani ƙyalle a wuya, abin ya burge mutanen Faris suka fara kwaikwayo. 'Yan Kuroshiya suna kiran kansu Hrvat, bakin Bafaranshe ya maida shi cravate, Turanci ya ce cravat, kuma daga wannan ƙyallen ne abin wuyan da ake ɗaurawa da kwat ya samo asali.

Sai vampire, wadda ita ce kalmar Sabiya da ta fi kowacce yawo a duniya. Wasu kan fassara ta da maye amma akwai bambanci, maye a wajenmu rayayye ne mai kama kurwa, shi kuwa vampir a camfin ƙauyukan Balkan mamaci ne da aka binne yake fitowa da dare yana shan jinin mutane. Yadda ta shiga Turai ta yamma labari ne da ke rubuce a takardun gwamnati. A 1718 Austriya ta karɓe arewacin Sabiya daga hannun Turkawa, ta zuba jami'anta. A 1725 a wani ƙauye mai suna Kisiljevo wani manomi Petar Blagojević ya mutu, bayansa mutum tara suka mutu cikin kwana takwas, kuma an ce kafin su cika suna faɗin shi ne yake zuwa musu da dare yana shaƙe su. Mutanen ƙauyen suka ce sai an tone shi, jami'in Austriya mai suna Frombald ya ce a jira izini daga Belgrad, suka ce in an jira kowa zai ƙare, gara su bar garin. Dole ya je tare da limamin cocin yankin aka buɗe kabarin, ya rubuta cewa gawar ba ta ruɓe ba, gashi da gemu da farce kamar sun ƙaru, ga jini a baki. Suka fere itace suka soka masa a ƙirji, suka ƙona gawar. Wata jarida a Biyana, babban birnin Austriya, ta buga rahoton a wannan shekarar. Bayan 'yan shekaru aka sake samun irinsa a ƙauyen Medveđa akan wani tsohon soja Arnold Paole, likitocin soja suka rubuta rahoto a 1732, a shekarar ne kuma jaridun Landan suka fara rubuta vampyre. Yau likitoci sun san bayanin abin da aka gani, fatar gawa tana janyewa sai farce da gemu su yi kamar sun tsiro, iskar ruɓa tana kumbura ciki ta turo ruwa mai jini ta baki, sanyin ƙasa kuma yana jinkirta ruɓewa, mutanen da ke mutuwa a jere kuwa wata annoba ce mai yaɗuwa. Sarauniya Mariya Teresa ta Austriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika, a 1755 ta hana tone-tonen. Ni ina tausayin mutanen ƙauyen nan, suna binne 'yan uwansu ɗaya bayan ɗaya ba likita ba magani, suka kama bayanin da suka gada. Turai ta yamma kuwa ta ɗauki tashin hankalinsu ta maida shi abin nishaɗi, ta kuma maida vampire ɗin wani attajiri mai gidan sarauta a Taransilbaniya, wadda ma ba ƙasar Silabawa bace.

Ta ɓangaren Rasha ƙofar farko ta kasuwanci ce. A 1553 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Richard Chancellor, yana neman hanyar Sin ta arewa sai ya ɓulla gaɓar Farin Teku, aka kai shi Mosko wajen sarkin Rasha Ivan na huɗu, a 1555 aka kafa kamfanin Muscovy a Landan. Fatake da jakadu suka fara komawa gida da kalmomi, rouble kuɗin Rasha, wanda ake dangantawa da rubit wato sara, saboda da can sandar azurfa ake sarawa gunduwa-gunduwa, kopeck ƙaramin kuɗi daga kalmar mashi saboda hoton mahayi da mashi a jikinsa, sai tsar. Ita tsar ba asalin Silabawa bace, sunan Caesar na Rum ne suka lanƙwasa, wanda muka sani da Ƙaisar a littattafan sira, Jamusawa kuma suka ce Kaiser. Bulgeriya ce ta fara amfani da laƙabin tun ƙarni na 10, Ivan na huɗu kuma aka naɗa shi da shi a 1547. Yau a Amurka in an ba mutum ɗaya wuƙa da nama akan wata matsala, kamar ƙwayoyi ko kan iyaka, sai 'yan jarida su kira shi czar. Kafin duk wannan ma akwai sable, wata 'yar dabba mai laushin gashi da fatarta ta fi komai tsada a kasuwannin Turai, sobol a harsunan Silabawa, neman fatarta na cikin manyan dalilan da suka sa Rasha ta kutsa Saiberiya har ta kai tekun Fasifik a 1639.

Anan akwai abin da ya kamata a bambance, wasu kalmomin Rashanci dillali ne kawai. Tundra, filin ƙanƙarar da bishiya ba ta fita, daga yaren Sami take. Taiga, dajin arewa, daga harsunan mutanen Saiberiya. Cossack, mayaƙan doki na Rasha da Yukiren, daga Turkanci qazaq, mutumin da ba shi da ubangida, tushe ɗaya da sunan Kazakistan. Horde, wato gayyar mahara, ta bi ta Polanci amma asalinta ordu ce ta Turkawa, sansanin soja, kuma daga ita ne sunan harshen Urdu ya fito. Mammoth ma haka, mafarautan Saiberiya suna samun manyan haure a cikin ƙasa mai daskarewa in kogi ya zaftare gaɓa, Rashawa suka ce mamont, ana kyautata zaton daga yaren Mansi da ma'anar ƙahon ƙasa. Giwa ce mai gashi da ta ƙare tuntuni, amma a Turanci kalmar ta koma nufin duk wani abu gagarumi, kuma ana danganta yaɗuwar wannan ma'anar da wani ƙaton cuku da manoman Massachusetts suka kai wa shugaban Amurka Thomas Jefferson kyauta a farkon 1802. Steppe kam ta Rashanci ce, shimfiɗaɗɗen filin ciyawa mara bishiya. Beluga kuma, sunan wata farar dabbar teku, daga kalmar fari ce.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 sai kalmomin suka ƙara duhu. A watan Maris na 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na biyu da bam, aka ɗora wa Yahudawa laifi, gungun mutane suka dinga afka wa unguwanninsu a kudancin daular suna kisa da ƙone-ƙone, hukuma kuma sau da yawa ta kau da kai. Sunan wannan a Rashanci pogrom, daga gromit wato ragargaza, dangin grom wato tsawa. Na garin Kishinev a 1903 inda aka kashe Yahudawa 49 ya girgiza jaridun duniya, kalmar ta zauna daram a Turanci, yanzu ana amfani da ita ga duk kisan gayya da aka yi wa wata ƙabila ko mabiya wani addini. Wannan ne kuma ya kori Yahudawa wajen miliyan biyu zuwa Amurka tsakanin 1881 da 1924, suka tafi da harshensu na Yiddish wanda ke cike da kalmomin Polanci da Yukiren da Rashanci, shi yasa Turancin New York yake da su schmatte wato tsumma, nudnik mutum mai naci da gundura, blintz da latke na abinci.

Zamanin Tarayyar Sobiyet shi ya fi kowane zubo kalmomi, amma yawancinsu na siyasa ne. Soviet kanta majalisa ce kawai ko shawara. Bolshevik masu rinjaye, daga bolshe wato mafi yawa, sunan da ɓangaren Lenin suka ɗauka bayan wata ƙuri'a a taron jam'iyyarsu na 1903, abokan hamayya suka zama Menshevik marasa rinjaye, kuma har yau a Ingila in mutum ya cika taurin kai da gardama sai a ce masa bolshie. Gulag taƙaitawa ce ta sunan hukumar da ke kula da sansanonin aikin dole, aka kafa ta a 1930, miliyoyin mutane suka bi ta cikinsu, littafin marubucin Rasha Solzhenitsyn da ya fito a 1973 ne ya sa duniya ta haddace kalmar. Apparatchik ɗan amshin shatan jam'iyya da ba ya tambaya sai bin umarni. Samizdat kuwa ina ganin girmanta, ma'anarta wallafa da kanka, littafin da gwamnati ta hana sai mutum ya zauna da tafireta da takardar kabon ya buga kwafi huɗu ko biyar a lokaci ɗaya, ya miƙa wa wanda ya yarda da shi, shi ma ya sake bugawa, alhali in an kama shi ɗauri ne. Troika asalinta keken da doki uku ke ja a jere, ta koma nufin shugabanci na mutum uku, kun ji ta lokacin rikicin bashin Girka daga 2010 ana nufin Hukumar Tarayyar Turai da Babban Bankin Turai da IMF. Daga baya Gorbachev da ya hau shugabancin Sobiyet a 1985 ya kawo glasnost, faɗin abu a fili, daga tsohuwar kalmar murya, da perestroika, sake gini. Sai kompromat da ta yi tashe a 'yan shekarun nan, wato tara asirin mutum a ajiye don a juya shi da shi. Kalashnikov kuwa ba sai an yi wa kowa bayani a arewacin Najeriya ko Nijar ba, sunan wanda ya ƙera ta ne Mikhail Kalashnikov, AK-47 ɗin ma taƙaitawar Avtomat Kalashnikova ce da shekarar 1947.

Sputnik ta ɗan bambanta da su domin ta haihu a Turanci. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na farko, sunan yana nufin abokin tafiya. Abin ya girgiza Amurka har wutsiyar kalmar, wato nik, wadda dama Yiddish ya riga ya shigar, ta zama abin liƙawa ko'ina, a 1958 wani ɗan jarida a San Francisco, Herb Caen, ya ƙirƙiri beatnik ga matasan da suka bijire wa al'ada, aka samu peacenik ga masu adawa da yaƙi, aka samu refusenik ga wanda aka hana izinin barin Sobiyet. Harshe yakan ari kalma sau dubu amma da wuya ya ari ɗafa-ƙeya ya dinga gina sababbi da ita, wannan na cikin 'yan kaɗan.

Akwai biyu da ake yawan jefawa cikin jerin alhali ba sa ciki. Bistro, ƙaramin gidan abinci, ana cewa sojojin Rasha da suka shiga Faris a 1814 ne ke ihun bystro wato da sauri, labarin da daɗin ji amma kalmar ba ta bayyana a rubuce a Faransanci ba sai a 1884, shekara saba'in bayan nan, shi yasa masana ba su yarda ba. Ta biyu dollar. Gaskiya ne a ƙasar Cek aka fara buga kuɗin wajajen 1520, a garin ma'adinin azurfa da yanzu ake kira Jáchymov, amma sunan Jamusanci ne, Joachimsthal wato kwarin Joachim, kuɗin ya zama thaler, Holanci ya ce daler, Turanci dollar. Mu ma mun samu rabonmu a nan, azurfar Mariya Teresa mai ɗauke da shekarar 1780 ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma dala da dattawa ke kiran sule biyu da ita a Najeriya, da dalar da ake lissafin sefa biyar da ita a Nijar har gobe, duk dangin wannan kalmar ne.

Na rayuwar yau da kullum su ne 'yan kaɗan ɗin da suka rage. Vodka ƙaramin suna ne na voda, kamar a ce ɗan ruwa, barasa ce da Polan da Rasha ke jayayya akan wa ya fara yi. Samovar tukunyar shayi ce mai murhu a cikinta, ma'anarta mai tafasa kanta. Babushka kaka ce mace a Rashanci amma a Amurka ta koma sunan ɗankwalin da ake ɗaurewa a haɓa, saboda haka suka ga tsofaffin baƙin haure suna yi. Polka rawa ce ta Cek da ta mamaye Turai a shekarun 1840 har aka sa wa yadi mai ɗigo-ɗigo sunanta. Paprika, garin jan tattasai, ta bi ta Hungari amma daga papar take ta Sabiya da Kuroshiya.

Sai borscht, jar miyar nan da ake yi da jar saiwar nan da Turanci ke kira beetroot da kabeji, wadda Turawan yamma suka daɗe suna kira miyar Rasha. A harshen Yukiren borshch take ba t a ƙarshe, t ɗin daga Yiddish ta shigo, alamar cewa Yahudawan da suka gudu ne suka kai ta Amurka. 'Yan Yukiren sun daɗe suna cewa tasu ce, kuma ranar 1 ga Yulin 2022, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan Rasha ta afka musu, hukumar UNESCO ta sa al'adar dafa borshch ta Yukiren cikin jerin al'adun da ke buƙatar kariyar gaggawa, ma'aikatar harkokin wajen Rasha kuma ta fito ta yi suka. Irin wannan jayayyar ce ta sa manyan kafofin labarai na Turanci suka bar rubuta Kiev, wanda furucin Rashanci ne, suka koma Kyiv na 'yan ƙasar, kamfanin dillancin labarai na AP da BBC duk sun sauya tun a 2019.